Babba Ya Fara Wucewa

A ɗakin da na'urar take ba a sanin rana ta ɗaga ko ta karkata. Akwatuna ne na ƙarfe, baƙaƙe, kowanne ya fi mutum tsawo, an jera su layi-layi. Iska mai sanyi tana hurowa daga ramukan daɓe, fankoki kuma suna wani gunji marar yankewa, wanda idan ka daɗe a ciki sai ka ɗauka ruwa ake yi a wani gari mai nisa. Auta ta fi son nan da ofishinta. Takan yafa mayafi mai kauri ta bi tsakanin layukan a hankali, tana taɓa ƙarfen da bayan hannu kamar mai duba zafin jikin yara.

Kwamfutoci dubbai ne a cikin akwatunan, duk aiki ɗaya suke yi wa cibiyar hasashen yanayi. An yanka musu sararin sama gunduwa-gunduwa, kowace ta riƙe nata yankin, tana lissafin iskarsa da gajimarensa. Idan ta gama sai ta aika wa sauran saƙo, don gajimare ba ya tsayawa a kan iyakar kowa. Saƙonnin suna bin wayoyi, kuma a duk inda wayoyi suka gamu akwai wata 'yar na'ura mai ƙofofi da yawa, wadda a wurin ake kira mahaɗa.

A da, hanya ɗaya ake rubuta wa kowane saƙo, ko ta cushe ko ba ta cushe ba nan zai bi. Auta ce ta kawo sabon tsari, bayan ta yi shekaru tana fama da shi har furfura ta fara leƙo mata a gefen kunne. A tsarinta kowace mahaɗa takan duba inda cunkoso yake ta zaɓa wa saƙo ƙofar da ta fi sauƙi. Doka ɗaya ta ɗora a kan duka: idan saƙo biyu suka nemi ƙofa ɗaya, babba ya fara wucewa, ƙarami ya ratse ta wata. Shekarun saƙo kuwa a goshinsa suke, 'yar lamba ce da ake ƙara wa ɗaya duk mahaɗar da ya ratsa. Da wannan tsari na'urar ta ninka saurinta, abokan aiki suka laƙaba wa Auta suna Uwar Hanya.

Sai da aka rushe bango aka ƙara wa na'urar wani ɗaki guda, sannan abin ya fara. Lokaci zuwa lokaci lissafi yakan tsaya cak. Kwamfutoci duka su gama nasu su zauna jiran saƙo ɗaya, wanda an aika shi, ba a kuma karɓa ba.

Ran nan da hantsi Dogo ya same ta a tsakanin layuka. Shi ne mai kula da wayoyi, kuma ko kafaɗarta bai kai ba, shi ya sa sunan ya bi shi.

"Uwar Hanya, ɗanki ya sake ɓata."

"Wanne lissafin?"

"Na watanni masu zuwa. Darakta na neman ki, kuma ba dariya a fuskarsa."

"Yaushe ka taɓa ganin fuskarsa daga inda kake?"

"Daga ƙasa ai an fi ganin haɓa. Tana rawa."

Darakta yana tsaye gaban babban allon da ke ɗakin lura. Allon yana nuna mahaɗu duka kamar taurari a jere, kore inda hanya take a sake, ja inda ta cushe. Can kusurwar dama ta ƙasa, wajen ƙofar rumbun ajiya inda kowane aiki yake kai kayansa, jan ya yi jawur kamar garwashi. Kwamfutar da ke jiran saƙon a tsakiyar wannan garwashin take.

"Injiniya," in ji Darakta, bai juyo ba. "Ni ban raina aikinki ba. Amma masu jirage da manoma ba sauri suke tambayata ba, ruwa suke tambayata. Kullum sai mun dakatar da sauran ayyuka, abin ya warware da kansa, ba wanda ya san dalili. Na gaji da maganin da ban san ciwonsa ba. Za a mayar da tsohuwar hanya."

"Ranka ya daɗe, saurin zai ragu da rabi."

"Na yarda. Gara in makara in iso."

Auta ta dubi allon. Ta san idan aka cire tsarin yau ba mai sake mayar da shi, za a ce an gwada bai yi ba, magana ta mutu ke nan.

"Ina roƙon abu ɗaya. Kada a dakatar da komai wannan karon. A bar shi a tsaye yadda yake. Saƙon yana ciki, yana da rai, yawo yake yi. Idan aka buɗe masa fili zai isa gida, mu kuma mu rasa sawunsa."

Darakta ya shafa haɓarsa. "Wannan lissafin zai iya kwana. Gobe da safe zan shigo. Ki nuna mini shi da yatsa, ko Dogo ya juya makunni."

Ta wuni tana nema. Tunaninta a miƙe yake: saƙon da ya yi ta yawo tun safe dole ya tsufa, ya fi kowa shekaru a cikin na'urar. Ta umarci mahaɗu duka su kawo mata rahoton duk wani dattijon saƙo da ya gifta ta ƙofarsu. Rahoto ya yi ta zuwa, amma ba wani baƙon tsufa a ciki. Dattawan da ta gani na yau da kullum ne, masu tasowa daga sabon ɗaki, waɗanda nisan tafiya ya tara wa shekaru.

Dogo ya ajiye mata kofin shayi. "Ni da za a ji tawa, duk wanda ya wuce kima a shaƙe shi a aiko wani. An huta."

"Wa za ka shaƙe? Nuna mini shi tukuna."

"To ko ya mutu ne?"

"Da ya mutu da an rubuta mutuwarsa, lissafin masu shiga da masu fita ya daidaita. Kullum saura ɗaya a ciki."

Da la'asar idanunta suka fara ganin taurarin allon biyu-biyu. Ta ɗauki jakarta ta fita.

A cikin bas ta samu kujerar taga. Titi ya cushe, direba ya karya ta wani lungu, daga nan ya sake karyawa ta wani. Ɗumin rana ya kwanta mata a kunci bayan sanyin wuni guda, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ta ga kanta a wani dogon gida marar rufi, ɗakuna cikin ɗakuna, kowanne da ƙofofi ta ko'ina. Tana riƙe da wani ƙunshi mai ɗumi a tafin hannu, an ce ta kai wa wani, gajimare ne a ciki, tana jin motsinsa. Mutane suna ta wucewa ba sa magana, kowa da nasa ƙunshin. Tana hango ƙofar da za ta shiga, har tana ganin hasken da ke zubowa ta ƙarƙashinta. Duk sanda ta miƙa hannu sai wani ya iso, ita kuma ta ji ƙafafunta sun ja baya da kansu. Ba wanda ya ture ta. Ladabi ne kawai yake ta mayar da ita baya, ɗaki bayan ɗaki, har ƙofar ta koma kamar ƙwayar haske.

Kwandasta ne ya ƙwanƙwasa ƙarfen kujera. "Baiwar Allah, nan kike sauka ko mu zagaya da ke?"

Gidansu a hawa na biyu yake. Dogon lungu ne siriri ya ratsa shi, daga ɗakin Inna, mahaifiyarsu, ya wuce ƙofar kicin da ta falo, ya ƙare a baranda inda wata tsohuwar kujerar katako take fuskantar yamma. A falo Yaya take ɗinki, babbar 'yar Inna, wadda ta dawo gidan da kekenta tun da tsufa ya fara taɓa tunanin tsohuwar. Auta ta tarar da ita da allurai a baki, tana gwada wa wata mata riga.

"Sannu da zuwa, matar kwamfuta," in ji Yaya ta gefen baki. "Mijin naki ya sake ki da wuri yau."

"Yaji na yi. Ina Inna?"

"Tana sintirinta. Tun azahar take abu ɗaya, ta fito ta koma, ta fito ta koma. Na tambaye ta ina za ta, ta dube ni kamar na zage ta."

"Ta ci abinci?"

"Ta taɓa. Likita dai ya ce haka abin yake, a bar ta ta motsa ƙafa."

Auta ta cire takalmi ta zauna a kan 'yar kujera a bakin falo, inda take ganin lungun daga farko har ƙarshe. Ba ta da ƙarfin yin komai, sai kallo.

Labulen ɗakin Inna ya motsa. Ta fito da sandarta, ɗankwali a ɗaure tsaf, haɓa a sama, Innar da suka sani, wadda a da tarinta kaɗai yake sa yaran bene su natsu. Kyanwar gidan tana kwance a hanya.

"Ke, tashi mini," in ji Inna, ta buga sanda. Kyanwa ta tashi.

Mai gwajin riga ta leƙo za ta wuce wajen madubi. "Ba ni hanya, 'yar nan." Matar ta maƙale a bango tana gaisuwa. Inna ta wuce ta, ta wuce kicin, taki ɗaya bayan ɗaya, numfashinta yana ƙara nauyi. Hasken yamma yana kwance a bakin baranda kamar tabarma. Saura kaɗan ta taka shi sai ta tsaya ta dafa bango.

Auta ta ga abin yana faruwa a jikin tsohuwar ta baya, tun kafin ta ga fuskarta. Kafaɗun suka sauko. Haɓar ta sunkuya. Sandar ta koma kamar abin da aka ba ta riƙo, ba ta san na wane ne ba. Daidai nan Yaya ta fito daga falo za ta kwaso yadin da ta shanya a baranda. Inna ta juyo, ta raɓe jikin bango, ta ɗan rusuna, muryarta ta zama siririya.

"Wuce, Yaya."

"Kin ji ko?" in ji Yaya, tana wucewa. "Ni da na sha nononta, yau ni ce yayarta."

"Dama kin fi ta furfura."

"Allah ya shirye ki, Auta."

Inna ta ja baya don ta ba Yaya wuri. Mai riga ta dawo daga madubi, Inna ta ƙara ja baya. Kyanwa ta gifta, ita ma aka ba ta hanya. Da Inna ta iso wajen Auta sai ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Yi haƙuri, Yaya, na tare miki," alhali Auta ko motsi ba ta yi ba. Haka ta yi ta ba da hanya har labulen ɗakinta ya rufe ta.

Auta ta tashi ta leƙa. Inna tana zaune a bakin gado, tana kallon hannuwanta, tana juya su. A hankali fuskar take cikowa, kamar randar da ake zuba wa ruwa da moɗa, shekarun suna komawa mazauninsu ɗaya bayan ɗaya. Ta gyara ɗankwali. Ta laluba sanda.

Auta ta daɗe a tsaye riƙe da labulen. Mitar tsohuwar motar babansu ta faɗo mata a rai, ranar da lambobinta suka cika da tara-tara, suna yara suna leƙe ta bayan kujera, sai duk suka juye suka koma sifili, Baba yana dariya yana cewa motarsa ta zama sabuwa.

"Me kike kallo haka?" in ji Yaya daga bayanta.

"Yaya, baranda take son zuwa."

"To wa ya hana ta?"

"Ba kowa."

Inna ba ta sake fitowa ba ran nan. Ta jingina da matashi, barci ya ɗauke ta da sandar a hannu.

Da safe Auta ta riga Darakta isowa, amma ba ta riga Dogo ba. Ta zauna gaban allo ba ta ko cire mayafi ba.

"Jiya tsoho na yi ta nema," in ji ta. "Yau jariri za mu nema."

"Jarirai ai sun fi yashi yawa a ciki. Kowane saƙo da sifili yake farawa."

"A ƙofar gidansu, i. Ni wanda nake nema jariri ne da aka gani nesa da inda aka haife shi."

Ta aika wa mahaɗu sabuwar tambaya: duk wadda ta ga saƙo mai shekara sifili, wanda ba kwamfutar da ke maƙwabtaka da ita ce ta aiko shi ba, ta yi magana. Ba a jima ba wata mahaɗa ta amsa, daga tsakiyar garwashin nan na kusurwar dama, taki kaɗan daga kwamfutar da ke jira. Auta ta sa wa saƙon alama, ta rage saurin hoton yadda ido zai iya bi. Wani ɗigo fari ya bayyana a allon.

Darakta ya shigo ya tsaya a bayansu. Auta ta ɗora yatsa a kan ɗigon.

"Ga shi, ranka ya daɗe."

Suka zuba ido. Ɗigon yana ja da baya daga garwashin. Kowace ƙofa ya nufa akwai wanda ya girme shi, sai ya ratse. Ratse bayan ratse, har cunkoson ya tura shi can gefen allo, wajen sabon ɗaki. A can lambar goshinsa ta yi kauri, ƙofofi suka fara buɗe masa, ya juyo ya miƙe hanya, kanana suna kauce masa. Ya ratso allon gaba ɗaya kamar mai dawowa daga doguwar tafiya. Ya shiga cikin jan. Saura ƙiris ya isa, lambar ta cika, ta juye ta koma sifili. Ɗigon ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya ba wani hanya.

"Tun jiya abin da yake yi ke nan?" in ji Darakta.

"Tun jiya. Gurbin da ake rubuta shekarun ƙarami ne. Lokacin da na auna shi na'urar ɗaki ɗaya ce, ba saƙon da zai yi tafiyar da za ta cika shi. Da aka ƙara ɗaki, hanya ta yi tsawo."

"Wato tsufa yake yi har ya manta shi babba ne," in ji Dogo.

Auta ta ci gaba da bin ɗigon da yatsa.

"Maganin fa?" in ji Darakta.

"Layi ɗaya ne. Idan lambar ta cika, kada a ƙara mata, a bar ta a cike. Wanda ya kai ƙarshen tsufa ya zauna a nan."

"Idan irinsu biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya fa?" in ji Dogo. "Tsofaffi biyu, kowa na ji da kansa?"

"Wanda ya fi kusa da gida ya wuce. Ɗayan ba zai daɗe ba."

Darakta ya dubi makunnin da Dogo zai juya, ya dubi ɗigon da ke sake komawa gefe. "Yi mu gani. Ba a dakatar da komai ba, yadda kika ce."

Ta rubuta layin ta aika. Gyaran ya bi mahaɗu layi-layi, kowace ta ɗan lumshe ta buɗe, kamar iska ta bi ta kan ruwa. Ɗigon yana can gefe yana tara shekarunsa, bai san an canja komai ba. Ya juyo. Fankoki suna ta gunji ta bayan gilashi. Auta ta ji tafin hannunta ya yi ɗumi, kamar tana riƙe da ƙunshin nan na cikin bas.

Ɗigon ya shiga cikin jan. Lambar ta hau, ta hau, ta cika. Ta tsaya a cike. Ƙofa ta buɗe, ta gaba ma ta buɗe, sannan ɗigon ya ɓace, don ya shiga gida. A ɗaya allon lissafin da ya kwana a tsaye ya motsa, gajimaren watanni masu zuwa suka ci gaba da tafiya a kan taswira.

Darakta ya daɗe yana kallo. "Dogo, ɗauke hannunka daga makunnin nan," in ji shi. "A bar tsarin. Amma Injiniya, duk ranar da aka sake rushe bango, ke za a fara tambaya."

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Uwar Hanya," in ji Dogo bayan ya fita, "wa ya ce miki ki nemi jariri?"

"Tafi ka duba wayoyinka."

Ta nemi izini ta koma gida tun rana da sauran tsawo. Ta sa Yaya ta tsayar da keke, ta rufe kyanwa a kicin, ta roƙi wata mai karɓar ɗinki ta ɗan zauna tukuna.

"Yau kuma wane sabon salo ne?" in ji Yaya.

"Idan ta fito kada kowa ya motsa. Ko yadinki ya kama wuta a baranda, ki bar shi."

"Yadin mutane ne, ba naki ba."

Amma ta zauna. Suka zuba wa ɗakin Inna ido. Labule ya motsa, Inna ta fito, haɓa a sama. Ta wuce kicin, ta wuce falo, ba kowa a hanya. Dab da hasken ta tsaya ta dafa bango, kafaɗun suka sauko. Ta waiwaya hagu da dama, tana neman wanda za ta ba hanya.

Auta ta yi magana daga inda take zaune, ba ta ɗaga murya ba.

"Inna, ke ce babba. Wuce."

Inna ta dubi hasken. Sannan ta ɗaga ƙafa ta taka hasken, ta tsallake dokin ƙofa, ta lallaɓa ta zauna a kan kujerar katako. Ta jingine sandar. Sama ta yi fari-fari da gajimare, suna tafiya a hankali wajen yamma.

Can ta juyo, ta hango Auta a ƙarshen lungun. Ta matsa gefe guda a kan kujerar, ta daddaɓa wurin da ta bari.

"Yaya," in ji ta da siririyar muryar nan, "zo ki ga wani mai kama da rago."

Auta ta tashi ta je.